Inda kowannenmu ya fara ganin jirgin MiG

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ina tattara bayani a kan ofishin zana jiragen yaƙi na Mikoyan da Gurevich, wanda gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta kafa a Mosko a watan Disamba na 1939, kuma ina roƙon duk wanda ya taɓa ganin jirginsu ido da ido ya ba mu labari.

Wani dattijo daga Kano: Wa alaikumus salam, ɗana. Ina saurayi aka kawo MiG-17 filin jirgin saman Kano a 1967, yaƙin basasa bai daɗe da ɓarkewa ba, kuma Misirawa na cikin waɗanda suka fara tuƙa su. Mu dai ƙara muke fara ji, kafin mu ɗaga kai jirgin ya wuce. Na yi shekaru ban san cewa sunan nan harufan mutum biyu ne ba, wato Artem Mikoyan da Mikhail Gurevich, harafin tsakiya kuma "da" ke nan a Rashanci.

Wanda ya yi karatu a Rasha: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni a gidan tarihin sojan sama na Monino, kusa da Mosko, na tsaya gaban MiG-15, wanda ya fara tashi a ƙarshen 1947, ya kuma yi suna a yaƙin Koriya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne injinsa, domin an kwaikwaye shi ne daga injin Nene na Rolls-Royce, wanda Ingila ta sayar wa Sobiyet da hannunta. A can ne kuma na fahimci cewa a zamanin Sobiyet aikin ofishin shi ne zane da gwaji, ƙerawa da yawa kuwa ta masana'antun gwamnati ce, irin ta birnin Gorki, wanda yanzu ake kira Nizhny Novgorod.

Tsohon makaniken sojan sama: Malam ya yi gaskiya. Na yi aiki a kan MiG-21, wanda Nijeriya ta fara karɓa a 1975, shekara biyar bayan rasuwar Mikoyan. Jirgi ne mai sauƙin gyara, ba ya wahalar da makanike, amma tankinsa ba ya ɗaukar mai da yawa, saboda haka da zarar ya tashi, idonmu yana kan agogo. Da aka kawo F-7 daga Sin na riga na yi ritaya, amma ina ganin hotonsa na gane jikan MiG-21 ne.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Baba, ko za ku iya tuna launin waɗanda kuka gani a Kano?