Shawarwari kan tattara asalin babban gida

An tattauna kan yadda za a tattara tarihin zuriyar babban gida, kuma mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ce a fara da kakanni mata da gwaggonni, domin su ne suka san wa ta haifi wa, wa ta shayar da wa. A zauna da kowace ita kaɗai, a ɗauki murya a waya, kada a wuce rabin awa. Gaban kishiya ba a faɗin komai.

Kuskure ya fi yawa a wurin suna. Uwa tana alkunyar ɗan fari, lakabi kamar Tanko yana danne sunan yanka, sai a tambayi wani. A rubuta ’ya’ya ɗaki-ɗaki, a ware ’yan riƙo, don kada a jingina su ga wadda ba ta haife su ba. Shekaru kuwa a auna su da abin da ya faru, kamar canjin kuɗi na 1973.