Waɗanda suka fara jitar filamenko da furfura kuma ba malami, ku zo mu ji yadda kuka yi

Ɗan fansho:
Salamu alaikum jama'a. Shekarata 58, bara na ajiye aiki, abin da na sa gaba yanzu shi ne jitar filamenko, kiɗan nan na Andalus a kudancin Sifen. Wata bakwai kenan ina fama daga ni sai waya sai YouTube, don a garinmu ko mai koyar da jita ta yau da kullum sai an tona balle wannan. Yatsu dai sun fara saki, ina ɗan yin rasgiyado, wato watsa yatsun dama ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiyoyi. Inda gizo ke saƙa shi ne kompas, wato lissafin bugun da kiɗan ke tafiya a kai. Soleya, ɗaya daga salon filamenko, zagaye ce mai bugu 12, ana danna na 3, 6, 8, 10 da 12, na haddace shi a baki kamar karatun allo amma da na ɗora hannu sai lissafin ya watse, in tsinci kaina a 7 alhali mai waƙar har ya zagayo. Wa ya taɓa shiga wannan halin?

Na Almeriya:
Wa alaikumussalam Baba. Wlh ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni ina nan Sifen ɗin ma, ina aiki a gonakin rumfar leda na tumatur, na fara ina da 44 da wata jita ta hannu da na saya a kasuwar gwanjo. Shekara biyu cur ina ɗaki ina haddar falseta, su ne 'yan gutsattsarin kiɗan da mai jita ke sakawa tsakanin baitoci, har na tara sun kai goma sha ina jin kaina ai na zama wani abu. Rannan wani abokin aiki ya ja ni fenya, ƙungiyar masu son filamenko ta unguwa inda ake zama da dare, aka miƙo min jita wani dattijo ya ɗauko waƙa, kafin ya kai ƙarshen baitin farko na ɓace ɓat, ina ta zuba falsetata shi kuma yana wani wajen daban. Bai yi faɗa ba, hannu kawai ya ɗora kan tsirkiyoyin ya kashe sautin, ya nuna min kujera a gefe ya ce in yi tafi. Wata huɗu ina zuwa ba na taɓa jita sai tafi, su falmas suke ce masa. A nan na gane asalin aikin jitar bin mawaƙi da mai rawa ne, kamar dai yadda mai kalangu ke bin bakin mawaƙinsa, ba wai ka zo ka nuna gudun yatsa ba. Baba ajiye jitar na sati biyu, ka kunna soleya mai waƙa ka yi ta tafi har sai ka daina ƙirgawa.

Maman biyu:
Ni matsalata farce ce, ku bar dariya. Na fara ina da 51, aikin jinya nake, wanke hannu ba adadi ga alwala ga wanke-wanken gida, farcen dama kullum a jiƙe, yana bushewa sai ya tsage. Kuma ni ban yarda in tara farce ya wuce kwana 40 ba, da farko har na ɗauka abin ba zai yiwu min ba kenan. Ashe ba a buƙatar zaƙo-zaƙo, ya ɗan leƙo kan tsoka kaɗan ya isa, kullum ina gogewa da 'yar fayil ɗin farce ina shafa man kaɗanya da dare. Hagu kuwa a yanke tas. Abu na biyu, na so in yi pikado, wato tsinkar tsirkiya da yatsu biyu bi-da-bi, da gudu irin na bidiyo sai wuyan hannuna ya kumbura, sati uku ban taɓa jita ba. Jikin ɗan hamsin ba na ɗan sha biyar ba ne, yanzu minti 20 nake yi da asuba 20 bayan isha'i shikenan.

Na Damagaram:
Ni kam kurakuraina na kaya ne. Jita mai tsirkiyar ƙarfe na fara saya don irinta aka saba gani wajen 'yan Agadas, rasgiyado ɗaya ta kusa cire min farce. Ta filamenko tsirkiyar nailan ce, kuma tsirkiyoyin sun fi kwanciya kusa da wuya. Da na samu ta nailan sai na yi ta ƙwanƙwasa fuskarta da yatsa ina golfe ba tare da na manna ledar kariyar nan ba, yanzu wajen duk ya ƙwarzane. Hunturu ya zo ya ƙarasa aikin, katakon ya tsage ta ƙasa. Ku riƙa sa jiƙaƙƙen soso a cikin 'yar robar sabulu mai huji ku ajiye cikin jakar jitar.

Tsohon mai gurmi:
Na yarda da na Almeriya amma ba duka ba, shi Allah ya kai shi inda ake abin, mu da muke nan wace fenya za mu je? Alhaji ni shawarata ka bar bugu 12 tukuna, fara da tangos mai bugu 4, kunnenmu ya saba da shi, hannunka ya zauna a kan kamun tsirkiyoyi na Am, G, F, E ɗin nan da kusan komai ke komawa kansu. Salon buleriya kuwa kar ma ka kalle ta bana, ita daga 12 ake fara ƙirga ta kuma gudu gare ta, ni ta cinye min shekara a banza. Sannan ka riƙa ɗaukar kanka a waya kana saurare washegari, abin ba daɗin ji gsky, ni ranar farko na rantse wayar ce ta lalace, ashe ni ne ke sauri duk inda ya yi min sauƙi in ja ƙafa inda ya yi wuya. Malami da tuni ya gaya min a rana ɗaya. Kuma a daina auna kai da Paco de Lucía, shahararren mai jitar filamenko da aka haifa 1947 a Alhesiras cikin gidan jita, babansa da wansa Ramón suka ɗora shi tun yana ƙaramin yaro yana wuni a kai. Mu da muka fara bayan mun aurar da 'ya'ya ba tsere muke da shi ba.

Ɗan fansho:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na haɗa shawarar biyu, na koma tangos, kuma na ɗauki jikata 'yar aji huɗu aikin tafi, kullum bayan la'asar ladanta biskit. Jiya ta tsayar da ni sau uku tana cewa Kaka ka riga ni, kuma da na saurari abin da muka ɗauka ita ce da gaskiya. Hajiya wane lamba ce fayil ɗin da kike amfani da ita? Tawa kamar tana cin farcen da yawa.