Marsandi 240D ba ta riƙe caji: dinamo ne ko kat'awut?

Malam Habibu, Jidda: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawararku a kan motar da mahaifinmu ya bar mana, Allah ya jiƙansa, Marsandi 240D ƙirar 1982 mai shan dizal. Wata huɗu ke nan da na saka mata sabon batir, amma idan ta kwana biyu a ajiye sai in murɗa makulli in ji kik ɗin yana juyawa da ƙyar. Jar fitilar batir da ke dashbod tana mutuwa da zarar inji ya tashi, sai dai da dare, idan na kunna manyan fitilu da fanka, nakan gan ta tana ɗan ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe. Wani mai wayarin a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya leƙa kawai ya ce dinamon ya gama aiki, in sayi wani gaba ɗaya. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin dinamon na asali ne, tambarin Bosch yana jikinsa har yanzu.

Alhaji Garba, Makka: Wa alaikumus salam Malam Habibu, Allah ya gafarta wa Baba. Kada ka sayi komai tukuna sai ka auna, domin mitar lantarki ta hannu ba ta kai rabin kuɗin batir ba. Da safe, kafin ka tayar da motar, ɗora mita a kawunan batir biyu: cikakken batir yana nuna volt 12.6, idan kuma ka ga 12.2 to kusan rabin cajinsa ya tafi. Sannan ka tayar da ita, ka sa wani ya taka totur har inji ya ɗaga murya daidai misali, ka sake aunawa. Lafiyayyen dinamo yana ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Daga nan ka kunna fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta, ka ga ko lambar za ta tsaya sama da 13.5 ko za ta zube. Ka tuna cewa wannan injin dizal ba ya buƙatar lantarki da zarar ya tashi, famfonsa na ƙarfe ne zalla, shi ya sa motar za ta iya kai ka Ɗa'if ta dawo da mataccen dinamo ba ka sani ba, sai ka kashe ta ta ƙi tashi.

Sani Direba, Jidda: Ni abin da na ga ana yi tun ina yaron mota shi ne a cire kan batir ɗaya alhali inji yana aiki. Idan fitilu sun ci gaba da ci, dinamo yana da lafiya. Malam Habibu ya gwada hakan, ba sai ya nemi mita ba.

Baba Isa, Madina: Sani, ɗana, don Allah kada ka ƙara ba wa kowa wannan shawarar. Dabara ce ta zamanin tsohon dinamo mai ba da wuta kai tsaye, irin na Land Rover ta da, kuma ko a can ba ta da kyau. Dinamon wannan Marsandi yana da diyod a cikinsa, ƙananan na'urori masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kuma batir shi ne yake shanye hawa da saukar wuta. Idan ka cire kansa inji yana aiki, wutar tana iya yin tsalle nan take ta ƙona diyod ɗin ko kat'awut ɗin, wato na'urar da ke daidaita yawan cajin da dinamo ke bayarwa, ka tashi da lalacewar da ba ka zo da ita ba.

Malam Habibu, bayan awon da Alhaji Garba ya faɗa, ka fara da abu mafi sauƙi. Danna bel ɗin dinamo da babban yatsa a tsakiyarsa, bai kamata ya lotsa fiye da santimita 1 ba, kuma idan gefensa ya yi sulɓi yana ƙyalli to yana zamewa ko da ba ya kuka. Sai wayoyi. Ku mutanen Jidda iskar teku tana cin tagullarku, na sha feɗe wayar da ta yi kyau a waje in tarar cikinta ya zama kore. Inji yana aiki, fitilu a kunne, ka sa tsinken mita ɗaya a babban noti na bayan dinamo mai alamar B+, ɗayan a kan batir mai alamar tarawa. Idan ta nuna sama da 0.4, wuta tana ɓacewa a hanya. Ka yi haka kuma tsakanin jikin dinamo da ɗaya kan batir ɗin, nan bai kamata ta wuce 0.2 ba. Wayar ardi da ta haɗa inji da jikin mota ta sa mutane da yawa sun sayi dinamon da ba su buƙata.

Sani Direba, Jidda: Na ji Baba, na gode da gyara. Allah ya ƙara girma.

Malam Nuhu, Riyad: Ina so in ƙara abu biyu. Wannan jar fitilar ba ado ba ce, ta cikin ƙwanta ne wutar farko take bi ta wayar D+ ta shiga dinamo kafin ya fara haifar da tasa, saboda haka duk wanda ƙwansa ya mutu zai ga dinamo yana ƙin caji sai an taka totur sosai. Taka tana ci, amma ja-jan da take yi da dare yana nuna wutar da ke ɓangarorinta biyu ba daidai take ba, kuma hakan yakan fito daga gawayin cikin dinamo, mai goga zoben tagulla, idan ya cinye, ko diyod, ko waya mai tsatsa. Don ka cire diyod daga zargi, juya mita zuwa AC ka auna a kan batir inji yana aiki. Idan ta haura 0.5 akwai wanda ya mutu. Mataccen diyod kuma yana iya tsotse batir cikin dare.

Na biyu, kat'awut yana lalacewa ta fuska biyu, ko caji ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Land Cruiser ɗina ƙirar 1976 kat'awut ɗinta a waje yake, ɗan akwati mai filatin a ciki, kuma da ya lalace caji ya yi yawa ne har ya wuce volt 15. Ruwan batir ya riƙa ƙonewa duk mako, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitila suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A zafin ƙasar nan wannan ya fi ƙarancin caji saurin kashe batir.

Malam Habibu, Jidda: Allah ya saka muku da alheri, na auna bayan sallar Asuba. A kashe 12.3 ne. Da inji ya tashi ta hau 13.1, da na kunna fitilu da fanka ta sauko 12.6. Bel yana da ƙarfi. Tsakanin B+ da batir 0.2 na samu, ɓangaren ardi 0.1, a AC kuma ba ta kai 0.1 ba.

Baba Isa, Madina: Alhamdu lillahi, wayoyinka da diyod ɗinka lafiya suke, saura wuri ɗaya. A dinamon Bosch irin naka kat'awut da gawayi, abin da masu warsha a nan suke kira fahamat, a haɗe suke, noti biyu ne suka riƙe su a bayan dinamo. Cire kan batir mai alamar ragewa tukuna, sannan ka kwance su ka zaro shi a hankali. Auna gawayin biyu da rula: idan abin da ya fito waje bai wuce milimita 5 ba, sifirin ɗin ba ya iya danna shi sosai a kan zoben tagulla, shi ya sa yake ba da caji kaɗan ya kasa idan kaya sun yi nauyi. Haska tocila cikin ramin ka duba zoben, ka kuma shafa shi da yatsa. Idan santsi ne ko ɗan layi kaɗan, sabon kat'awut ya ishe ka. Idan ya yi kwari mai zurfi, sai an sauke dinamon an kai wa mai gyara, domin zai cinye sabon gawayi cikin 'yan watanni.

Alhaji Garba, Makka: Game da saye, shawarata ka ɗauki tsohon a hannunka ka je da shi, a duba lambar da ke jikinsa, ka nemi na Bosch ko da ya ɗan fi tsada, mai rubutun 14V. Na taɓa sayen wani marar suna a wani shago saboda arha, bai yi wata uku ba ya fara ba ni 15.2. Tashlihi, wato wurin sayar da kayan tsofaffin motoci, wuri ne mai kyau idan ƙwanson dinamo ko fulinsa kake nema, domin an ƙera wannan samfurin Marsandi daga 1976 zuwa 1986 kuma ya yaɗu sosai, amma kat'awut na hannu gawayinsa ya riga ya sha aiki, sabo ya fi.

Malam Habibu, Jidda: Jama'a, na zaro shi jiya da yamma. Gawayi ɗaya milimita 4 ne, ɗayan bai kai haka ba, bakinsa ya yi baƙi ya karkace. Zoben yana da ɗan layi amma farce ba ya maƙalewa a ciki. Na saka sabon kat'awut na Bosch, yanzu mita tana nuna 14.2, da fitilu da fanka 13.9, jar fitilar kuma ta mutu murus. Sai dai bayan na zagaya har Kurnish, titin bakin teku, na dawo, na ga ta sauko 13.8. Ko akwai sauran matsala?

Baba Isa, Madina: Babu matsala, haka aka ƙera shi, yana ɗan rage wuta idan ya yi zafi don kada ya dafa batir. Abin da ya rage shi ne batirin, wanda ya yi wata huɗu bai ƙoshi ba. Ka kai shi a ɗora masa caji a hankali na dare guda, idan mai murfi ne a cika shi da tataccen ruwan batir ba na famfo ba, sannan ka bar motar kwana biyu a ajiye ka auna kafin ka tayar. Idan ka ga 12.5 ko sama ya tsira, idan ya koma 12.2 ka sanar da mu a nan mu duba ko agogo ko rediyo ne yake jan wuta cikin dare.