Kuɗin tsohon janareta: na aljihu ne ko na littafi?

Alhaji Ubale: Salamu alaikum. Na sayar da tsohon janaretan injin casarmu na Kura, naira miliyan 7, tsaba a hannu. Akawuna ya dage sai mun shigar da kuɗin littafi. Ni kuwa na ce shinkafa muke sayarwa, ba janareta ba. Gwanjo ba ruwansa da haraji.

Malam Nura: Gaskiyarka, Alhaji. Abin da ya tsufa, ya ci kuɗin gyara, ina riba a cikinsa?

Hajiya Binta: Alhaji, nawa ka saye shi?

Alhaji Ubale: Miliyan 4, a 2021.

Hajiya Binta: To ga ribar nan a fili. Kuma duk shekara akawunka yana cire kason tsufan injin daga ribar da ake yanka wa haraji, ko? A littafi darajarsa ta kusa ƙarewa. Ka mori wannan ragin, yanzu ka sayar sama da abin da ya rage, bambancin nan kuwa hukuma na da rabo a ciki.

Malam Nura: Hajiya, faɗuwar naira ce wannan. A 2021 dala ba ta kai naira 500 a banki ba, a 2024 ta haura 1,500. Miliyan 7 ɗin ba za ta sayo masa sabo ba.

Hajiya Binta: Wallahi abin da ciwo, ni ma ya taɓa ni. Amma da naira suke lissafi.

Malam Nura: Tsaba ce fa. Wa zai sani?

Injiniya Auwal: Wanda ya saya. Shi ma zai rubuta shi a littafinsa, da sunan wanda ya sayar masa. Masu bincike na iya komawa baya shekara shida, in ɓoyewa ce da gangan kuma ba iyaka. Alhaji, kamfani ka yi wa rajista?

Alhaji Ubale: A'a, sunan kasuwanci kawai.

Injiniya Auwal: To lissafinka na hannun hukumar haraji ta jihar Kano. Ga wata kuma mai nauyi: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓar tsabar da ta wuce miliyan 5 ba ta banki ba. Kamfani ne ke da iyakar miliyan 10.

Malam Nura: Har yanzu ban yarda riba ce ba.

Alhaji Ubale: Ni dai wannan ta miliyan 5 ce ta tayar min da hankali. Gobe da safe zan kira akawun, mu nemi wanda ya saya a rubuta takardar ciniki.