Yanke da laƙabi: neman sunan "shortcut" a wasannin gidan Rogue

Jama'a, a kawo ɗauki. Masu fassara manhaja sun saba rubuta "gajeriyar hanya" duk inda suka ga "shortcut". Ba laifi, amma a wasannin kwamfuta da suka gaji wasan Rogue na 1980, irin su NetHack da Angband, kalmar ba ta zauna min ba, don abu biyu ne aka cusa a suna ɗaya.

Na farko shi ne umarni da maɓalli guda. A NetHack ka danna q ka sha magani, r ka karanta takarda, w ka riƙe makami, h j k l kuma su ne tafiya, gadon manhajar rubutu ta vi. Wannan ni "yanke" nake ce masa. Mai bin yanke ya san doguwar hanya, ya ƙi ta ne da gangan, kamar yadda ɗan wasa ke tsallake jerin zaɓi. Wani ɗan uwa ya kawo "ratse". Na gode, malam, sai dai mai ratse kauce wa hanya ya yi, ba lallai ya riga kowa isa ba.

Na biyun ne ya fi ba ni wuya: harafin da ke manne da kowane kaya a jakar ɗan wasa, wanda ake dannawa a zaɓe shi. A Angband jaka tana jera kanta, don haka maganin da yake c ɗazu yana iya komawa d da zarar ka tsinci wani abu. Yatsa ya riga ya haddace c, dodo na kanka, ka sha abin da ba shi ba, kuma a wasannin nan in ka mutu sai sabon farawa. Shi ya sa 'yan Angband ke rubuta @q1 a jikin kwalbar, daga nan in ka danna q da 1 ita za ka sha duk inda ta faɗa. NetHack na da umarnin #adjust na sauya harafi.

Wannan ba hanya ba ce balle a yanke ta, suna ne kake raɗa wa abu ya amsa. Sai na ce "laƙabi". An ba da shawarar "lamba", amma za a ɗauka ƙidaya ake nufi, alhali galibi harafi ne.

Ku gwada a baki: "sauya laƙabin takobi zuwa a", "yanken shan magani q ne". Inda na tsaya shi ne jam'i. Laƙabobi ya zauna, amma "yanke-yanke" sai ya koma aikin wuƙa. Wa ke da mafita?