Hutun kwana uku daga Birnin Meziko: Puebla ko Oaxaca?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Masu tambayar inda za su yi dogon hutun ƙarshen mako, ga amsata: wanda yake Birnin Meziko da Asabar, Lahadi da Litinin kacal a hannunsa, babu dalilin da zai sa ya doshi Oaxaca. Tafiyar kusan kilomita 460 ce, motar kamfanin bas na ADO daga tashar TAPO ta Birnin Meziko tana cin awa shida da rabi zuwa bakwai. Zuwa da dawowa sun lashe awa 14. Puebla kuwa kilomita 130 ce, awa biyu da ɗan ɗoriya, kuma akwai motar kamfanin Estrella Roja da ke tashi daga cikin filin jirgin Birnin Meziko kai tsaye. Mai son tsohon gari ya tafi Puebla, an kafa ta tun 1531.

Hajiya Ladi: Wa'alaikumus salam. Malam, ai lissafin mai tafiyar rana ka yi. A hau motar dare ranar Juma'a wajen ƙarfe 11, gari na wayewa ana Oaxaca. Ba a taɓa ko awa ɗaya ta Asabar ba, an kuma tsira da kuɗin otal na dare guda. Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya hau jirgi, awa ɗaya ce a sama.

Baban Hanifa: Hajiya, motar daren nan tana da nata. Daga Cuacnopalan, inda ake barin titin Puebla a shiga titin 135D, hanyar kwana-kwana ce cikin duwatsu, mai jiri a mota ba zai runtsa ba. Ga sanyin na'ura da suke ƙurewa, sai da rigar sanyi da safa. Sannan a sauka ƙarfe shida na safe, alhali yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe uku na yamma. Dole a rubuta musu tun kafin a taso, a nemi su karɓi ajiyar jaka. Mutum kaɗai zai iya. Mai iyali da ƙananan yara, Asabar ɗin ta tafi a gyangyaɗi.

Hajiya Ladi: Na yarda da batun yara. Amma a duba abin da za a samu. Monte Albán na kan tsauni, kilomita 10 daga tsakiyar gari, tsohon birnin ƙabilar Zapotec da aka fara ginawa kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A je da zarar an buɗe, domin filin babu inuwa. Awa uku sun isa. A sauko bayan azahar a shiga gidan tarihin da ke manne da cocin Santo Domingo, can aka ajiye zinariya da kayan ado na Kabari na 7 na Monte Albán da masanin kayan tarihi Alfonso Caso ya tono a 1932. Lahadi a yi gabas a kan hanya ɗaya: bishiyar Tule mai zagayen gindi kusan mita 42, kasuwar Tlacolula da ke ci ranar Lahadi, sai kangon tsohon birnin Mitla, kilomita 45 daga gari. Me Puebla ke da shi da zai tsaya gaban wannan?

Malam Habu: Cholula mana, kilomita 15 daga Puebla. Dalar da ke can ta fi kowacce a duniya girman jiki, kowane gefe na gindinta ya haura mita 400, ƙasa da ciyawa sun rufe ta har Sifaniyawa suka gina coci a kanta. In an hau da sassafe kafin gajimare ya taru, ga Popocatépetl, dutse mai aman wuta, yana hayaƙi a gabanka. A cikin gari akwai ɗakin karatu na Palafoxiana na 1646, da ƙaramin cocin Capilla del Rosario da aka gama a 1690, bango da rufi duk an lulluɓe da ruwan zinare. Ga sansanonin soja na Loreto da Guadalupe inda Janar Ignacio Zaragoza ya kori sojojin Faransa ranar 5 ga Mayu, 1862. Kuma a shekara ɗaya, 1987, UNESCO ta sa garuruwan biyu a jerinta na wuraren tarihi na duniya, kada a ɗauka ɗaya ta fi ɗaya a takarda.

Kawu Garba: Ku duka kun tsallake ranar Litinin, kuma nan gizo ke saƙar. Yawancin gidajen tarihi na gwamnati a Meziko rufe suke ranar Litinin. Na Santo Domingo yana ciki, Palafoxiana ma haka. Wanda ya bar su zuwa ranar ƙarshe zai tarar da ƙofa a kulle. A Puebla mafita ita ce Museo Amparo, shi Talata yake hutu, Litinin a buɗe yake. A Oaxaca sai a juya tsarin Hajiya: gidan tarihi ranar Asabar, Monte Albán da safiyar Litinin. Dabarar tana da wata riba, domin ranar Lahadi 'yan ƙasa da mazauna ba sa biyan kuɗin shiga wuraren tarihi na INAH, hukumar gwamnati mai kula da su, shi ya sa ake cika maƙil.

Baban Hanifa: Kawu, in Litinin ɗin ta hutun ƙasa ce kuwa, cinkoson bai ragu ba. Hutunsu na Litinin uku ne a shekara: ta farko a Fabrairu, ta uku a Maris saboda haihuwar tsohon shugaban ƙasa Benito Juárez, ta uku a Nuwamba. A irin waɗannan ranaku awa biyun Malam Habu ba awa biyu ba ce. Duk mutanen Birnin Meziko na komawa gida da yamma a kan titin 150D, sai a yi ta jan jiki daga wurin biyan kuɗin titi har cikin gari. A baro Puebla kafin azahar, kuma tikitin dawowa a saye shi tare da na zuwa.

Malam Habu: Ko ta ninka, awa huɗu ce. Ta Oaxaca fa, in aka tare hanya? Ƙungiyar malaman makaranta ta jihar, Sección 22, ta yi suna wajen datse manyan tituna har da hanyar filin jirgi, musamman a Mayu da Yuni. Mai aiki ranar Talata da safe ya yi tunani.

Hajiya Ladi: To ai Popocatépetl ɗinka ma yana rufe filin jirgi. A Mayun 2023 tokarsa ta tsayar da jirage a Puebla da Birnin Meziko baki ɗaya.

Malam Habu: Mai zuwa Puebla a mota ina ruwansa da filin jirgi, Hajiya?

Maman Sadiya: Ku bar ni in shigo da maganar ciki, don ita ta fi kama Musulmi a can. A Puebla akwai tacos árabes. Jin sunan da ganin naman yana juyawa a tsinke kamar shawarma kan sa baƙo ya saki jiki. Baƙi daga Gabas ta Tsakiya ne suka kawo salon, amma naman alade ne ake gasawa. Chalupas, ƙananan wainar masara, ana soya su cikin kitsen alade, manteca suke ce masa. Shi kansa mole poblano, wato miyar Puebla, ko da kaza aka zuba masa, sau da yawa da manteca aka soya kayan haɗin. Wake da tamales, ƙullin masara da ake turarawa a ganye, ma haka. A Oaxaca, tlayuda, babbar gurasar masara, ana fara shafe ta da asiento, wato gutsattsarin kitsen aladen da ya kwanta a gindin tukunya. Sai an ce "sin asiento" tun kafin mai sayarwa ta ɗauki cokali, a sa wake in ba da manteca aka dafa ba, da cukun quesillo da afokado. A kasuwar 20 de Noviembre, layin masu gasa nama, tasajo naman shanu ne, cecina mai jan yaji da chorizo na alade ne, kuma a waya ɗaya ake gasa su duka. Mai kiyaye yanka ya tsaya kan kifi, ƙwai da cuku.

Hajiya Ladi: Allah ya saka, Maman Sadiya. Kin manta fara. Chapulines, da gishiri da yaji da lemon tsami, ana auna su a kwando a bakin kasuwar Benito Juárez. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa cin wannan. Ga tejate na masara da koko, babu barasa a ciki, sai dai a lura da ruwan da aka dama shi.

Kawu Garba: Masu zaɓen jirgi su duba harufan tikiti. MEX shi ne tsohon filin da ke cikin gari. NLU shi ne Felipe Ángeles da aka buɗe a 2022, kusan kilomita 45 arewa da tsakiyar birni. Tikitinsa kan zo da araha, amma kuɗin mota da awa guda ko fiye a hanya za su cinye rarar. Kuma kada wanda ya cusa Hierve el Agua, maɓuɓɓugar ruwa da ke kan tsauni, cikin kwana ukun nan. Kilomita 70 ce, ƙarshen hanyar daga Mitla a bayan a-kori-kura ake yinsa kan dutse, yini guda take ci ita kaɗai.

Baban Hanifa: Ƙarshen Yuli lokacin bikin Guelaguetza da 1 zuwa 2 ga Nuwamba na Ranar Matattu, ɗakunan tsakiyar Oaxaca tun watanni kafin lokacin suke ƙarewa. Wanda bai kama da wuri ba, zaɓin ya fita daga hannunsa.

Malam Habu: Kun ga kenan, motar Puebla daga TAPO kusan kowane lokaci akwai, ba sai an yi wata ana shiri ba.

Hajiya Ladi: A ranar da ba ta biki ba kenan. Kawu, in an yi Monte Albán da safiyar Litinin, wace mota za a kama?

Kawu Garba: A sauko kafin sha biyu, a ɗauki jaka a otal, a kama ta ƙarfe ɗaya ko biyu daga tashar ADO. Za a shiga TAPO wajen takwas zuwa tara na dare, in ba a haɗu da 'yan dawowa daga Puebla ba, tunda ƙarshen hanyar titi ɗaya ne.