Yaya Zara da H&M suke shiga ƙasashe, kuma kaya na isa kafin yayi ya wuce?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son waɗanda suka san harkar tufafin kanti su warware mini wani abu. Kamfani kamar Zara ko H&M yana da shaguna a ƙasashe barkatai, kuma duk wanda ka shiga sai ka tarar da abin da ake yayi a lokacin. Ta yaya suke shiga sabuwar ƙasa, kuma ta yaya kaya ke isa a kan kari? Sannan me ya kori irin su Woolworths, kantin Afirka ta Kudu, daga Najeriya, alhali ga jama'a ga kasuwa?

Mai Sito ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Alhaji, fara da kwantai, domin shi ne ke cinye ribar mai tufafi. Rigar da ba ta fita a lokacinta ba sai an karya farashinta, wani lokaci har ƙasa da uwar kuɗi. Don gudun wannan aka gina tsarin Zara.

Kamfanin Inditex ne ke da ita, hedikwatarsa tana Arteixo kusa da A Coruña a Sifaniya, garin da Amancio Ortega ya buɗe shagon farko a 1975. Kayan da ba sa canzawa, irin su farar singileti, a Asiya ake ba da odarsu saboda arha. Kayan yayi kuwa mafi yawa a kusa ake ɗinka su: Sifaniya, Fotugal, Maroko da Turkiyya. Ɗinkin ya fi tsada, amma cikin 'yan makonni kaya sun shiga shago. Suna kuma ajiye yadi ba a rina ba, sai sun ga launin da ke tafiya sannan a tsoma shi. Da farko kaɗan ake ɗinkawa. Sau biyu a mako sabon kaya ke isa kowane shago daga manyan sito na Sifaniya, da mota idan a Turai ne, da jirgin sama idan da nisa. A jikin kowace riga akwai alamar RFID, wata 'yar alama da na'ura ke karantawa ba tare da an taɓa ta ba, saboda haka ofis ya san cewa baƙar riga mai lamba 38 ta ƙare a wani shago, ta kuma yi kwantai a wani.

H&M ba ta da masana'anta ko ɗaya, oda take bayarwa, galibi a Asiya, watanni kafin lokaci. A 2018 sai da kayan da ba ta sayar ba suka kai kusan dala biliyan 4.3.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Bari in ƙara a kan shiga ƙasa. Inda doka da kasuwa suka yi kama da na gida, da kuɗinsu suke buɗewa: haka Zara ta shiga Porto a 1988, New York a 1989, Paris a 1990. Inda ba su san ƙasa ba, sai su ba wani ɗan gida izinin amfani da suna, shi zai kama haya, ya ɗauki ma'aikata, ya ji da kwastam. Kamfanin Alshaya na Kuwait ne ke riƙe da H&M a Gabas ta Tsakiya. A Indiya kuwa haɗa jari Zara ta yi da kamfanin Trent na rukunin Tata, aka buɗe a 2010.

Abin da ake yawan rainawa shi ne daidaita haja da mutanen wuri. Lokacin da Turai ke cikin sanyi, Johannesburg tana cikin zafi, don haka kayan can daban ake tsarawa. Awon jiki ma ya bambanta. Idan katan ya zo da ƙarami 1, matsakaici 2, babba 2, mafi girma 1, kuma mutanen garin masu jiki ne, manyan za su ƙare a mako guda, ƙananan su zauna har a yi gwanjonsu. Asarar daga takardar oda ta faro, tun kafin a yanka yadi.

Ɗan Apapa ya amsa:

Malam, ga yadda oda daga Bangaladash take tafiya. A amince da samfur da launi, a saƙa yadi a rina, a yanka a ɗinka, sai mai duba inganci ya zaro wasu daga katan-katan ya auna su kafin a rufe kwantena. Daga tashar Chattogram ana sauya jirgi a Colombo ko Singafo, kuma kai wa Turai na cin wajen wata guda. Daga oda zuwa shago, lissafa wata 4 zuwa 6. Da jirage suka fara kauce wa Bahar Maliya a ƙarshen 2023 suna zagaye ta kudancin Afirka, kimanin kwana 10 suka ƙaru. Wanda kayan sallarsa suka makara da kwana 10 ya san abin da nake nufi.

A kula da lambar kwastam: tufafin saƙa mai miƙewa, irin su singileti, suna babi na 61, na yadi suna na 62. Kuskure a nan kan sa a riƙe kwantena, kuɗin kwana a tasha yana hawa kullum. A kuma san ainihin inda ake ɗinkin, domin masana'anta kan karɓi oda ta miƙa wa wata a ɓoye. Ginin Rana Plaza da ya rufta a watan Afrilu na 2013 ya kashe mutum fiye da 1,100, kuma sai da aka tono tambarin kamfanoni a cikin ɓaraguzai sannan wasu suka amsa cewa nasu ne.

Batun Najeriya: Woolworths ta rufe shagunanta 3 a 2013, ta koka da tsadar haya, haraji da wahalar shigo da kaya. Wasu kantunan tufafi na Afirka ta Kudu ma suka fice: Truworths ta bi a 2016, Mr Price a 2020. A tsakani, a watan Yuni na 2015, Babban Bankin Najeriya ya sa yadi da tufafi cikin kaya 41 da ba za a ba su dala a farashin gwamnati ba. Ka sayo da dala, ka sayar da naira, kafin ka mayar da kuɗin naira ta faɗi.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. To ƙaramin ɗan kasuwa mai son kai ɗinkakkun kaya Yamai ko Accra, me zai ɗauka a nan?

Mai Sito ya amsa:

Kada ya kama shago tukuna, Alhaji. Ya samu amintaccen mai shago a can, ya aika masa samfur 5 ko 6, kowanne dozin 2, ya riƙa karɓar lissafin abin da ya fita duk mako, launi da awo. Sauran yadin ya bar shi a gida ba a yanka ba, sai wanda ya ƙare a can ne tela zai sake ɗinkawa.